Maganin tsutsar ciki ga ƙananan yara

Maganin tsutsar ciki ga ƙananan yara na nufin hanyoyin da ake bi wajen kashe tsutsotsin da ke zaune a hanjin yaran da ba su kai shekara 5 ba, da kuma kare su daga sake kamuwa. Ana yin sa ta hanya biyu. Ko dai a ba yaro magani a asibiti bayan gwaji ya nuna yana ɗauke da tsutsa, ko kuma a raba magani ga dukkan yaran wani yanki lokaci-lokaci ba tare da an gwada kowa ba, idan an san cutar ta yi yawa a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, kuma yara fiye da miliyan 260 da ba su isa shiga makaranta ba suna zaune a wuraren da cutar ke yaɗuwa sosai.

Ana ware ƙananan yara a wannan fanni saboda dalilai uku. Adadin maganin da ake ba su ya danganta da shekarunsu, ƙwayar magani na iya maƙale musu a maƙogwaro, sannan jaririn da bai cika shekara 1 ba ba ya cikin waɗanda ake raba wa maganin. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fi yawan masu wannan cuta, kuma ana ba yara masu wata 12 zuwa 59 maganin kyauta a cibiyoyin lafiya na matakin farko a lokacin makon kula da lafiyar uwa da yara.

Sunaye a Hausa

Kalmar "tsutsa" tana da faɗi a Hausa. Tana ɗaukar tsutsar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, da wadda ke cin ganyen shuka, da wadda ke cikin jikin mutum. Shi ya sa ake ƙara mata "ciki" a ce "tsutsar ciki". Wasu nau'o'in suna da sunansu na kansu. "Macijin ciki" shi ne doguwar tsutsar nan mai kama da tana wadda kan fito a bayan gida. "Tsila" ita ce mai faɗi da ke fitowa gaɓa-gaɓa. "Tsargiya" kuwa sunan ciwon ne, wato fitsarin jini, ba sunan tsutsar da ke jawo shi ba, domin ita ba a ganin ta da ido a fitsari.

"Kurkunu" ma tsutsa ce, amma ta ƙarƙashin fata take fitowa, kuma babu ƙwayar maganin da ke kashe ta. An kawar da ita ne ta hanyar tace ruwan sha, kuma WHO ta tabbatar da Najeriya ta rabu da ita a watan Disamba na 2013. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya, yana cikin waɗanda suka zagaya ƙauyuka a wannan yaƙi tare da Cibiyar Carter.

Bambance sunayen yana da amfani a asibiti. Uwa za ta ce ɗanta yana da tsutsa, amma maganin macijin ciki dabam yake da na tsila ko na tsargiya. Don haka ma'aikacin lafiya kan tambayi siffar abin da aka gani, da tsawonsa, da inda ya fito.

Ire-iren tsutsotsin

Macijin ciki, wanda a kimiyyance ake kira Ascaris lumbricoides, shi ne ya fi yawa a duniya. Macen tana iya kai santimita 35, kuma tana saka ƙwai kusan 200,000 a rana. Idan yaro ya haɗiye ƙwan, yakan ƙyanƙyashe a hanji, 'ya'yan su ratsa bangon hanji su bi jini zuwa hanta da huhu, su hau maƙogwaro, a sake haɗiye su, sannan su girma a ƙaramin hanji. Wannan zagaye yana ɗaukar wata 2 zuwa 3, tsutsar kuma takan rayu shekara 1 zuwa 2.

Tsutsa mai kama da bulala, Trichuris trichiura, tsawonta kimanin santimita 4 ne. Tana cusa siririn kanta a bangon babban hanji. Idan ta yi yawa tana sa zawo mai jini da majina.

Tsutsa mai ƙugiya nau'i biyu ce, Necator americanus da Ancylostoma duodenale. Tsawonta bai wuce santimita 1 ba sosai. Ba ta buƙatar a haɗiye ta: 'ya'yanta suna huda fatar ƙafa ko ta mazaunai idan yaro ya taka ko ya zauna a ƙasa mai danshi. Tana kama bangon hanji tana shan jini.

Ƙaramar farar tsutsa, Enterobius vermicularis, kamar zare take. Da dare macen ke fitowa ta saka ƙwai a bakin dubura, abin da ke sa yaro susa da kuka. Ita ce kaɗai a cikin waɗannan da ke saurin bi daga hannu zuwa hannu a cikin gida, ta farce da zanin gado da tufafi.

Tsila ma iri-iri ce. Babbar, Taenia saginata, ana ɗaukar ta daga naman shanu da bai dahu ko bai gasu sosai ba. Ƙaramar, Hymenolepis nana, ta fi kama yara, kuma ta hanyar ƙazantar hannu da abinci ake ɗaukar ta.

Yadda yara ke kamuwa

Ƙwan macijin ciki da na mai kama da bulala suna fita ne a bayan gidan mai ɗauke da cutar. Ba sa kama wani nan take. Sai sun yi kamar mako 2 zuwa 3 a ƙasa mai ɗumi da danshi kafin su nuna. Ƙwan macijin ciki yana da kauri, yana iya yin shekaru a ƙasa mai inuwa bai mutu ba. Galibin waɗannan tsutsotsi ba sa hayayyafa a cikin jikin mutum, don haka yawan tsutsar da ke cikin yaro ya danganta ne da yawan ƙwan da ya haɗiya ko 'ya'yan da suka shige shi.

Jaririn da ke shan nono zalla a wata 6 na farko ba kasafai yake kamuwa ba. Haɗarin yana farawa ne lokacin rarrafe, sa'ad da yaro ke kai duk abin da ya samu baki, har da ƙasa. Yana ƙaruwa bayan yaye, lokacin da yaro ke cin abinci da hannunsa yana kuma fita wasa ƙofar gida. Kashin yara ma babbar hanya ce, domin a gidaje da yawa ba a ɗaukar sa a matsayin mai cutarwa kamar na manya, sai a share shi a zuba a bola ko a kwata.

Akwai imani a tsakanin jama'a cewa yawan shan zaƙi ne ke haifar da tsutsa. Zaƙi ba ya haifar da ita. Dole sai ƙwai ko 'ya'yan tsutsa sun shiga jiki daga waje, ko da yake alewa ko rake da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka ba yaro na iya zama hanyar shigarsu.

Alamomi da illoli

Yaron da ke da tsutsa kaɗan yawanci ba ya nuna wata alama. Idan sun yi yawa akan ga ciwon ciki, kumburin ciki, zawo, rashin cin abinci, rama da kasala. Lokacin da 'ya'yan macijin ciki ke ratsa huhu yaro na iya yin tari da numfashi mai ƙara. Wani lokaci tsutsar kan fito ta baki ko ta hanci, musamman idan yaro yana zazzaɓi.

Illar da ta fi damun masana ita ce wadda ba a gani da wuri. Tsutsa mai ƙugiya tana rage jini a hankali, har yaro ya samu ƙarancin jini, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Macijin ciki yana hana jiki amfana da abinci yadda ya kamata, har da bitamin A. A shekarun farko, lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suka fi saurin girma, wannan na iya taimaka wa tamowa da tsumburewa, musamman ga yaron da dama abincinsa bai wadata ba.

Akwai alamomin da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba. Hanjin ƙaramin yaro siriri ne, kuma macizan ciki na iya dunƙulewa su toshe shi. Alamar hakan ita ce ciwon ciki mai tsanani, da amai ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci kore, da kumburin ciki, da rashin yin bayan gida. Irin wannan yaro ba a ba shi maganin tsutsa a gida, domin yana iya buƙatar ƙarin ruwa ko tiyata. Haka kuma tsutsa mai kama da bulala na iya sa dubura ta zazzago, abin da iyaye kan ɗauka basir ne.

Gano cutar

Ana gano yawancin tsutsotsin ta hanyar duba bayan gida a madubin likita, a nemi ƙwai, domin kowane nau'i da siffar ƙwansa. A binciken al'umma an fi amfani da hanyar Kato-Katz, inda ake auna miligiram 41.7 na bayan gida a ƙirga ƙwan da ke ciki, don a san ko cutar mai sauƙi ce, ko matsakaiciya, ko mai tsanani. Ƙaramar farar tsutsa ba ta cika nunawa a bayan gida ba. Ita ana manna farin salatif ne a bakin dubura da sassafe kafin wanka, sannan a duba shi. Don gano tsargiya ana tace fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita.

A inda cutar ta yi yawa, kuɗin gwada kowane yaro ya fi kuɗin maganin nesa ba kusa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake rabon magani ba tare da gwaji ba.

Magunguna

Magunguna biyu aka fi amfani da su: mebendazole, wanda kamfanin Janssen na Beljiyam ya samar a farkon shekarun 1970, da albendazole, wanda aka fara ba mutane a 1982. Aikinsu iri ɗaya ne. Suna lalata wasu siraran sassa a cikin ƙwayoyin jikin tsutsa, ta kasa shan sukarin da take rayuwa da shi, ƙarfinta ya ƙare ta mutu cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ba lallai ne a ga tsutsa a bayan gida washegari ba, kuma rashin ganin ta ba ya nufin maganin bai yi aiki ba.

A da, takardun da ke cikin kwalin magungunan suna hana ba yaran da ba su kai shekara 2 ba, saboda ba a yi isasshen bincike a kansu ba. A 2002 WHO ta tara masana a Janeba, suka duba bayanan da ake da su, suka amince a fara bayarwa daga wata 12. Jagoran da hukumar ta fitar a 2017 ya tsara adadin kamar haka:

Ƙasa da wata 12: ba a ba su a rabon jama'a. Idan an ga tsutsa a jikin jariri, likita ne zai duba ya yanke abin da za a yi.
Wata 12 zuwa 23: rabin ƙwayar albendazole, wato miligiram 200, ko mebendazole miligiram 500, sau ɗaya.
Wata 24 zuwa 59: albendazole miligiram 400, ko mebendazole miligiram 500, sau ɗaya.

Ana bayarwa sau ɗaya a shekara a yankin da kashi 20 cikin 100 na yara ko fiye ke ɗauke da tsutsa, sau biyu kuma a inda suka haura kashi 50.

Ƙarfin maganin ya bambanta daga tsutsa zuwa tsutsa. Shan albendazole sau ɗaya yana warkar da kimanin mutum 9 cikin 10 masu macijin ciki, da 7 zuwa 8 cikin 10 masu tsutsa mai ƙugiya, amma kimanin 3 cikin 10 kacal na masu tsutsa mai kama da bulala. Mebendazole yana da ƙarfi a kan macijin ciki, amma shan sa sau ɗaya ba ya yin tasiri sosai a kan mai ƙugiya. Saboda haka idan gwaji ya nuna ɗaya daga cikin masu taurin kai, likita kan rubuta maganin kwana 3. Ko da maganin bai kashe duka ba, yana rage yawansu, kuma yawan ne ke kawo illa.

Ga ƙaramar farar tsutsa, ana maimaita magani bayan mako 2, domin ba ya kashe ƙwai, kuma akan ba mutanen gidan gaba ɗaya tare da wanke zannuwan gado da yanke farce. Tsila kuwa praziquantel ake ba ta. Akwai kuma pyrantel da levamisole, waɗanda ake auna su da nauyin yaro. Ivermectin, wanda ake rabawa don wasu cututtukan tsutsa, ba a ba yaron da nauyinsa bai kai kilogiram 15 ba ko tsayinsa bai kai santimita 90 ba.

Illolin albendazole da mebendazole ba su da yawa kuma ba sa daɗewa: ɗan ciwon ciki, tashin zuciya, zawo ko ciwon kai, galibi ga yaran da ke da tsutsa da yawa. An samu rahotannin jijjiga a jariran da aka ba mebendazole kafin su cika shekara 1, kuma wannan na cikin dalilan da ake hana sayo maganin a kemis a ba jariri. Yaron da ke zazzaɓi mai zafi ko amai akan jira ya samu sauƙi. Mai tamowa mai tsanani ma ba a ba shi a ranar farko, sai ya fara farfaɗowa.

Wasu iyaye suna amfani da jiƙe-jiƙe masu ɗaci, kamar na maɗaci ko darbejiya. Matsalarsu ga ƙaramin yaro ita ce ba a san adadin da ke cikin kowane kofi ba, kuma hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin na babba ba.

Yadda ake ba yaro

Babban haɗarin wannan magani ga ƙananan yara ba daga sinadarinsa yake ba, daga girman ƙwayar ne. A 2007 an ba da rahoton mutuwar yara 4 'yan ƙasa da shekara 3 a Habasha bayan ƙwayar albendazole ta shaƙe su a lokacin rabon magani. Ƙa'idojin da WHO ta shimfiɗa don kauce wa haka su ne:

A murƙushe ƙwayar ta zama gari ga duk yaron da bai kai shekara 3 ba, a ba shi da ɗan ruwa mai tsabta.
Yaro ya kasance a zaune ko a tsaye, ba a kwance ba.
Kada a toshe masa hanci, kada a danne shi, kada a tanƙwara kansa baya.
Idan yana kuka ko yana turjewa, a bari ya huce. Idan ya ƙi, a ƙyale shi har wani lokaci.
Manyan yara su tauna ƙwayar a gaban ma'aikaci, kada su haɗiye ta ɗungurungum.

Ƙa'ida ta uku ta shafi wata tsohuwar al'ada kai tsaye, wato ɗura, inda ake kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a zuba masa kunu ko magani. Yaron da ke kuka yana jan numfashi da ƙarfi, kuma abin da ke bakinsa na iya bin hanyar iska. Rasa magani sau ɗaya bai kai wannan haɗari ba.

A 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwayar mebendazole mai miligiram 500 da ake taunawa, wadda kuma take yin laushi idan an ɗiga mata ruwa a cokali. WHO ta saka ta cikin magungunan da ta tantance a 2019.

Tsargiya a ƙananan yara

Tsutsar tsargiya ba a hanji take zaune ba, a jijiyoyin jini take, amma akan haɗa ta da tsutsar ciki a shirye-shiryen rabon magani. Nau'in Schistosoma haematobium yana taɓa mafitsara ya sa fitsarin jini, Schistosoma mansoni kuma yana taɓa hanji da hanta. 'Ya'yan tsutsar suna fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, su huda fatar wanda ya shiga rafi, ko dam, ko kududdufi. An daɗe ana ɗaukar ta cutar 'yan makaranta masu zuwa iyo, amma bincike a ƙasashen Afirka da dama ya nuna ƙanana ma suna kamuwa idan an je da su wanki ko an yi musu wanka da ruwan da aka ɗebo yanzu daga rafi.

Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilogiram na nauyin jiki, bayan an ci abinci. Ƙwayar babba ce mai miligiram 600, ga ɗaci, abin da ya sa aka daɗe ana barin ƙananan yara a baya. Jagoran WHO na 2022 ya ce a fara bayarwa daga shekara 2 a yankin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100. An kuma samar da arpraziquantel, ƙaramar ƙwaya mai miligiram 150 da ke narkewa a ruwa kuma ba ta da ɗaci sosai, domin yara masu wata 3 zuwa shekara 6. An gwada ta a Kenya da Kwaddibuwa, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yaba da ita a Disamban 2023, WHO ta tantance ta a 2024, kuma an fara ba yara a Yuganda a 2025.

A Najeriya

A 2001 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 54.19, wanda ya nemi a riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin 100 na yaran makaranta da ke cikin haɗari magani a kai a kai. Kamfanonin GSK da Johnson & Johnson suna ba da albendazole da mebendazole kyauta ta hannun WHO. A Najeriya rabon da ake yi a makarantu ya shafi masu shekara 5 zuwa 14 ne, don haka ƙanana ba sa ciki.

Hanyar da ake kai wa ga ƙananan ita ce makon kula da lafiyar uwa da yara, wanda aka amince da shi a matakin ƙasa a 2010, ana kuma yin sa sau biyu a shekara. A makon ana ba yara masu wata 6 zuwa 59 bitamin A, a ba masu wata 12 zuwa 59 maganin tsutsa, a auna damtsensu don gano tamowa, a kuma cike allurar rigakafin da aka rasa. Ban da wannan, tsarin duba yara marasa lafiya a cibiyoyin matakin farko ya tanadi a ba duk yaron da ya cika shekara 1 maganin idan bai sha ba a wata 6 da suka wuce.

Yaɗuwar cutar ba ɗaya ba ce a faɗin ƙasar. Macijin ciki da mai kama da bulala sun fi yawa a kudu, inda ruwan sama da danshi suka fi yawa. A arewa zafin rana da bushewar ƙasa suna kashe ƙwai da dama, amma tsargiya ta yi ƙarfi a wuraren da ke da madatsun ruwa da noman rani.

A Zariya

Zariya tana tsakanin waɗannan yanayi biyu. Damina takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, da ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, sannan rani mai tsawo ya biyo baya. A irin wannan yanayi ƙwan tsutsa ya fi tsira da damina, da rani kuma sai a wuraren da ba sa bushewa: gindin rijiya, bakin kwata, bayan makewayi da inuwar da ake wanke-wanke. Waɗannan kuwa su ne wuraren da yaro mai rarrafe ke bin mahaifiyarsa.

Tudun Jukun unguwa ce a yankin Tudun Wada, wanda aka kafa a wajen ganuwar birnin Zazzau a zamanin mulkin Turawa. Kamar sauran unguwanni masu cunkoso a garin, gidaje da yawa sun dogara da rijiya, da burtsatse, da 'yan garuwa, kuma masai na rami ya yawaita. Inda rijiya ke kusa da masai, ko inda kwata ke ambaliya da damina, ƙazanta na iya isa tsakar gida da ruwan amfani. Kogin Kubanni, wanda ya biyo ta Samaru ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya haɗu da Galma, ana noman lambu a gefensa da rani. Latas, kabeji da karas da aka yi wa ban-ruwa da ruwan da ƙazantar gari ta shiga suna buƙatar wanki sosai kafin a ci su ɗanye.

Iyaye a yankin suna samun maganin a cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke ƙarƙashin jihar Kaduna. Gwaji da kula da masu tsanani kuwa ana samun su a Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Rubuta ranar da yaro ya sha magani a katinsa na asibiti yana taimakawa a san lokacin da ya kamata ya sake sha.

Muhawara kan rabon magani

Masana sun yarda cewa yaron da aka tabbatar yana da tsutsa ya kamata a ba shi magani. Saɓanin yana kan girman amfanin raba wa kowa. Binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka wallafa a 2004, wanda aka yi a makarantun yammacin Kenya, ya nuna rabon maganin ya rage fashin makaranta da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Amma wani babban gwaji da aka yi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya a kan ƙananan yara kimanin miliyan 1, wanda aka wallafa a 2013, bai ga wani babban sauyi a nauyin yara ko yawan mace-macensu ba, a yankin da cutar ba ta yi tsanani ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015 da na 2019 ma sun ce idan aka ɗauki matsakaicin dukkan yara, tasirin a kan nauyi da yawan jini kaɗan ne ko babu.

Masu goyon bayan rabon suna cewa yawancin tsutsotsin suna taruwa ne a jikin yara ƙalilan, don haka amfanin da waɗannan suka samu yana ɓacewa a lissafin matsakaici, ga shi kuma maganin yana da araha da sauƙin illa. WHO ta ci gaba da ba da shawarar rabon, kuma burinta zuwa 2030 shi ne a rage yaran da ke da matsakaiciyar cuta ko mai tsanani zuwa ƙasa da kashi 2 cikin 100. Akwai kuma fargabar tsutsotsin su daina jin maganin, kamar yadda ya riga ya faru a tumaki da awaki a ƙasashe da dama.

Rigakafi

Magani yana kashe tsutsar da ke ciki ne kawai, ba ya hana wata shiga. Bincike ya nuna a inda muhalli bai sauya ba, yawan masu macijin ciki kan koma kusan yadda yake a da cikin shekara 1. Ƙasashen da suka rabu da cutar, kamar Japan da Koriya ta Kudu, sun haɗa rabon magani da gyaran makewayi da samar da ruwa mai tsabta. A Najeriya ƙididdigar 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 48 suna bahaya a fili. An ƙaddamar da gangamin ƙasa na kawo ƙarshen hakan a 2019, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina.

A matakin gida, matakan da aka fi ba da shawara su ne shayar da nono zalla har wata 6, zuba kashin yara a masai da wanke fo nan take, wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin ba yaro abinci, shimfiɗa tabarma ga mai rarrafe, sa wa yara takalmi, yanke musu farce, rufe rijiya da randa, wanke ganye da 'ya'yan itatuwa, da dafa nama sosai. A yankin da ake da tsargiya, ruwan rafi da za a yi wa yaro wanka da shi akan tafasa shi, ko a ajiye shi kwana 2 kafin a yi amfani da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka a raye.

Duba kuma

Tsargiya
Kurkunu
Tamowa
Ƙarancin jini
Zariya